Villanueva, Villeneuve, Vilanova: asalinsu ɗaya ne?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Don Allah masana, Tito Vilanova da ya horar da Barcelona, da Jacques Villeneuve da ya ci gasar tseren motoci ta duniya a 1997, sunansu tushe ɗaya ne? Ga kuma Villanueva a Sifaniya. Dangi ne?

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Tushe ɗaya, amma ba jini ɗaya ba. Daga Latin ne, villa nova. A zamanin Rumawa villa gidan gona ne na mai hali, da rumbunansa da barorinsa. Da jama'a suka taru kewaye da shi, kalmar ta koma nufin ƙauye, daga baya gari. Nova kuwa sabuwa. Sabon Gari ke nan, ba ragi ba ƙari. Daga ƙarni na 11 zuwa na 13 sarakunan Turai sun yi ta sare daji suna kafa garuruwa, ana sassauta haraji don mutane su zo, shi ya sa sunan ya cika ko'ina: Villeneuve-sur-Lot a Faransa, Vila Nova de Gaia a Fotugal, a tsallaken kogin Douro daga birnin Porto. Wanda ya bar garin sai a riƙa kiransa da shi, kamar yadda muke cewa wane Rano.

Baba Ƙamus: Malam ya gama magana, bari in ƙara kan harufa. Wasalin o na nova ne ya rarrabu: Sifaniyanci ya mai da shi ue, Faransanci eu, Fotugis da Kataloniya suka bar shi. Su biyun kuma l ɗaya suke rubutawa. A Faransanci "vil" ake faɗa, kada a karanta ll ɗin kamar ya. Neuville ma shi ne, an dai sa sifa a gaba, abin da ya fi yawa a arewacin Faransa.

Mai Kundi: Inda masu neman salsala ke zamewa shi ne ɗauka rubutun suna ya nuna ƙasa. Likita Miguel Servet ɗan Villanueva de Sigena ta Sifaniya ne, amma a Faransa ya zauna da sunan Michel de Villeneuve. A Filifin kuwa dokar Clavería, gwamnan da Sifaniya ta naɗa a can, ta 1849 ta sa iyalai ɗaukar sunayen Sifaniyawa ba tare da wata dangantaka ba. Ɗan'uwa, fara gano wace Villanueva ce tukuna, sannan ka nemi rajistar cocin garin. A Faransa dokar 1539 ce ta wajabta rubuta ta, a sauran ƙasashen Katolika kuma taron shugabannin cocin Katolika na Trent a 1563.