Tsohon dutsen washin da aka samu a Tawa: abin da jama'a suka ce

An nemi shawarar jama'a kan yadda za a gane irin wani tsohon dutsen washi na gado, mai rami a tsakiya, da yadda za a yi da shi. Na tattaro shawarwarin da aka bayar.

1. Kowa ya yarda a fara wanke shi da sabulu da buroshi, domin tsohon mai da garin ƙarfe suna ɓoye ainihin launinsa.

2. A ɗiga masa ruwa. In ya shanye, dutsen ruwa ne, wato wanda ake washi a kansa da ruwa, ba da mai ba. In ruwan ya dunƙule a kai, ya daɗe yana shan mai.

3. In gefensa ya nuna launi biyu a manne, ɗaya da kaushi ɗaya da santsi, na kamfani ne. Na asali yakan zo da jijiyoyi, launinsa bai tafiya daidai.

4. A goga tsohuwar wuƙa. Baƙin ruwa ya fito, to yana cin ƙarfe. Mai kaushi na mahauta ne, mai santsi sosai kuwa wanzamai ke so don aska.

Inda aka rabu shi ne ramin tsakiyarsa. Wasu sun ce a goge shi da yashi da ruwa a kan siminti har ya daidaita, wasu sun ce a bar shi haka. Ni dai ina bayan gyarawa, don rami yana karkatar da kaifi.