Neman Shawara: Wankin Kafet a Tsakiyar Damina, da Tabon Manja da na Zoɓo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kafet irin wanda ake shimfiɗewa daga bango zuwa bango a falona, launinsa ruwan madara. Bayan taron suna da muka yi a gida, sai na tarar da tabon manja a wuri guda, na zoɓo a wurare biyu, sannan wani yaro ya yi fitsari kusa da ƙofa. Na goge wuraren da garin sabulu da ruwa, tabon ya ɓace, amma da ya bushe sai ya dawo, har da da'ira mai duhu a kewayensa. Masu wanki biyu na tuntuɓa: ɗaya ya ce zai zo da injin da ke fesa ruwan zafi ya zuƙe, ɗayan kuma ya ce busasshen wanki zai yi da hoda. Ga shi damina ta yi nisa, ina tsoron kafet ɗin ya ƙi bushewa ya yi wari. Don Allah wanne ya fi dacewa, kuma me zan iya yi da kaina kafin su zo?

Amsar wani mai sana'ar wankin kafet:

Wa alaikumus salam Hajiya. Dawowar tabon yana da dalili biyu. Na farko, ruwan da kika zuba ya tura dattin zuwa ƙasan kafet, to yayin da saman yake bushewa sai danshin ya riƙa hawowa ta jikin zare kamar yadda lagwani yake jan kananzir, ya dawo da dattin sama. Na biyu, garin sabulun wanki ba ya fita gaba ɗaya daga kafet, kuma ragowarsa yana da danƙo, shi ya sa ƙura take manne wa wurin har ya fi sauran duhu.

Injin ruwan zafi shi ne ya fi kai wa ga dattin da ya nutse, domin yana fesa ruwa da magani cikin zare sannan ya zuƙe su tare da dattin, sai dai kafet yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya bushe, wani lokaci har kwana guda idan iska tana da laima. Kafet ɗin da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe yana iya fara funfuna, kuma warinta ya fi tabon wuyar fita. Busasshen wanki kuwa ba wai babu ruwa a cikinsa sam ba ne, kaɗan ne ƙwarai. Akwai na hoda mai ɗan danshi da magani, wadda ake barbaɗawa, a cusa ta da buroshi, ta tsotse datti, a kwashe da injin zuƙar ƙura. Akwai kuma na feshi wanda idan ya bushe yake ƙanƙare dattin ya zama ɓurɓushi, shi ma a zuƙe. Duka biyun suna ba da damar taka kafet cikin awa ɗaya ko biyu, amma saman zare suka fi tsabtacewa.

Shawarata, a yi busasshen wanki yanzu saboda damina, a kula da kowane tabo daban, babban wanki na ruwan zafi kuma a bari sai hunturu, lokacin da iska ta bushe. Kafin mai wanki ya zuba komai, ki sa ya gwada maganinsa a bayan kujera inda ba a gani.

Amsar wata malamar kimiyyar sinadarai:

'Yar uwa, ki fara sanin zaren kafet ɗinki. Ki tsinko zare guda daga gefe ki ƙona shi a waje: idan ya yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, ulu ne na gashin tumaki, idan ya narke ya dunƙule ya yi tauri, na roba ne. Wannan yana da muhimmanci domin bilic irin su Hypo da Jik yana cinye ulu, kanwa da sabulu mai ƙarfi ma suna lalata shi, kuma ko a kan nailan bilic yana kwashe launi ya bar farin tabo da ba ya gyaruwa.

Manja abu biyu ne, maiƙo da launi. Ki barbaɗa garin sitaci ko bekin soda a kai, ki bar shi ya kwana ya sha man, ki share. Daga nan ki ɗiga ƙaramin cokali guda na sabulun wanke-wanke na ruwa a kofi biyu na ruwan ɗumi, ki tsoma farin tsumma ki riƙa dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Kada ki dirza, domin dirzawa tana baza tabon kuma tana tsefe zare. Zoɓo kuwa launinsa yana sauyawa ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka idan ya haɗu da kanwa ko sabulu mai ƙarfi, saboda haka farin ruwan khal da aka surka da ruwan sanyi daidai wa daida ya fi dacewa da shi. Idan ja-ja ya rage, ana iya ɗiga ruwan haidurojin (hydrogen peroxide, wanda ake wanke ciwo da shi) na kyamis mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 a kan kafet mai haske, bayan an gwada a lungu.

Ina roƙonki da duk mai karantawa, kada a taɓa haɗa bilic da khal ko da amoniya (wani sinadari mai wari mai hawa kai da ke cikin wasu magungunan goge-goge), domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Bilic a kan fitsari ma yana iya yin haka. Masu shafa fetur ko kananzir a tabon mai su ma su daina, yana narkar da gam ɗin da ya riƙe bayan kafet, ga haɗarin gobara a ɗakin da ake turaren wuta.

Amsar wata dattijuwa:

'Yata, ni maganar fitsarin ce ta dame ni, tunda a falo baƙi suke salla. Abin da aka karantar da mu a mazhabar Malikiyya shi ne ruwa mai tsarki ne yake gusar da najasa, hoda ko feshi ba sa tsarkake wuri ko da ƙamshi ya tashi. Don haka ko an yi busasshen wanki, wannan wurin sai ya ga ruwa. Ki zuba ruwa tsagwaronsa kaɗan-kaɗan, ki taka da tawul ya tsotse, ki maimaita har launi da wari su gushe, khal ɗin da malama ta faɗa ya biyo baya. Sannan ki ninke busasshen farin tawul ki ɗora a kai, ki danne da abu mai nauyi ya kwana, domin danshin da zai hawo ya shige tawul. Da safe ki buɗe tagogi ki saita fanka a wurin. Idan kafet ɗin yana ɗaguwa ta gefen ƙofa, ki ɗaga ki duba simintin da ke ƙasa, shi ma a wanke shi a bar shi ya bushe kafin a mayar.