Na samu gurbin digiri na biyu a waje, amma sai na ajiye aikina: waɗanda suka je su ba ni shawara

Abu Hanif, Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni injiniyan lantarki ne, shekarata shida ina aiki da wani kamfani mai zaman kansa a nan Abuja, ina da mata da ɗa guda. Na samu gurbin digiri na biyu a wuri biyu: ɗaya a Jamus, a fannin makamashin hasken rana da iska, karatun shekara biyu, ɗayan kuma a Ingila, a fannin gudanar da kasuwanci, shekara ɗaya. Ba ni da tallafin kowa, fulotina na Kuje zan sayar in haɗa da abin da na tara, kuma kamfaninmu ya ce ba ya ba da hutun ƙaro ilimi, sai dai in ajiye aikin. Waɗanda suka je suka dawo nake tambaya: da gaske karatun ya ɗaga ku a wurin aiki? Kuma wanne ya fi wa injiniya, ya zurfafa a fanninsa ko ya karkata zuwa kasuwanci?

Ɗan Bukuru:
Wa alaikumus salam Injiniya. Shawarata ita ce ka nemi tallafin karatu na PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, domin da shi na yi nawa a Malesiya, kuma ban kashe ko sisin kwabo daga aljihuna a kan kuɗin makaranta ba. Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Akwai na'urorin da na zana a takardar jarrabawa a nan gida har na ci maki a kansu, amma ban taɓa sa musu hannu ba sai da na je can, inda aka ba ni makulli aka ce in yi gwajina in kawo sakamako bayan mako biyu. Tun daga lokacin na daina tsoron na'ura, kuma wannan rashin tsoron ne ya sa yau ni ake turawa duk inda aiki ya cije.

Maman Sultana:
Ni ta hanyar Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, na yi nawa a fannin kasuwanci. Suna buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, kuma dole mutum ya dawo gida ya yi aƙalla shekara biyu bayan ya gama. Littattafan ba su fi waɗanda ake karantawa a Zariya ko Kano ba, amma an koya mini in tsaya gaban mutane in kare lissafina a cikin minti goma, an kuma haɗa ni aikin rukuni da ɗan Indiya da 'yar China da ɗan Kenya, waɗanda har yau muna tura wa juna ciniki. Wata takwas bayan dawowata aka ba ni shugabancin sashe a bankinmu.

Baƙon Gwarinpa:
Malam Abu Hanif, don girman Allah ka saurare ni, domin waɗannan bayin Allah biyu da kuɗin wasu suka je, ni kuwa irin tafiyar da kake shirin yi na yi. Na tafi Ingila a Janairun 2023 bayan na ajiye aikin kwangilar gine-gine da nake yi, na sayar da motata da gidan da mahaifinmu ya bar mana a Jos, da yardar ƙannena, bisa alƙawarin zan mayar musu da rabonsu. Makaranta ta yarda in biya kashi-kashi, na yi lissafina a kan farashin gwamnati, lokacin dala ba ta kai naira 500 ba. A watan Yuni aka saki naira, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500, sai kuɗin da na ajiye a banki a gida domin kashi biyu na ƙarshe ya kasa biyan ko da kashi ɗaya.

Doka ta ba ɗalibi awa 20 ne kawai na aiki a mako lokacin karatu. Na yi su a gidan kula da tsofaffi da dare, da safe in shiga aji idanuna na rufewa. Sau biyu aka rufe mini shafin makaranta saboda bashi, ban iya ko miƙa aikin da na rubuta ba. Laburare da tarukan da kamfanoni ke zuwa neman ma'aikata, waɗanda su ne ainihin abin da mutum ya biya kuɗi dominsu, ban halarci ko ɗaya ba. Na gama da kyar, na dawo, na tarar wanda na koya wa aiki yana zaune a kujerata. Wuri uku na je ganawar neman aiki, biyu suka ce takarduna sun fi ƙarfin albashinsu. Har yau ban gama biyan ƙannena ba, kuma ƙanwata da na ci rabonta tana zaman haya da 'ya'ya huɗu. Wannan ne yake hana ni barci.

Hajiya Ummi, Wuse:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya warware maka, ɗan'uwa, ya ba ka ikon sauke nauyin nan. Nawa ne kuɗin makarantar gaba ɗaya? Ɗana yana shirin tafiya, wakilin da ke nema masa ya ce fam 13,000 zai isa.

Baƙon Gwarinpa:
Amin Hajiya. Ni fam 16,500 na biya, ban da haya da abinci da kuɗin biza da na inshorar lafiya.

Maman Sultana:
Wanda aka biya mini ya haura fam 25,000. Hajiya, ki sa yaron ya duba shafin jami'ar da kansa, kada ya tsaya a kan maganar wakili, domin wakilai da yawa kamasho suke karɓa daga makarantun da suke tura yara.

Ɗan Farin Gada:
Shi ya sa nake cewa Jamus ta fi, tunda karatu kyauta ne. Yuro 11,208 kawai na zuba a asusun banki da ake rufewa, wanda ake buƙata kafin a ba ɗalibi biza, suna sakar mini wani abu duk wata. Sanyi ne kawai matsalar. Na tafi ina taƙamar ni ɗan Jos ne, na saba da hunturu, ashe sanyin Jos share fage ne, a watan Janairu har sai da na yi kewar zafin Lakwaja.

Injiniya Safiya:
Wannan adadin ya tsufa, ɗan'uwa, tun Satumbar 2024 ya koma yuro 11,904 a shekara. Kuma ba ko'ina ne kyauta ba: a jihar Baden-Württemberg, inda na yi karatu, ɗalibin da ba daga Tarayyar Turai yake ba yana biyan yuro 1,500 duk zangon karatu. Duk da haka ina ganin Jamus ta fi dacewa da injiniya, saboda ɗalibai da yawa a cikin kamfani suke rubuta kundin kammala karatunsu, ni ma wata shida na yi a wani kamfanin da ke haɗa na'urorin juya wutar sola, kuma bayan kammalawa ana ba mutum wata 18 ya nemi aiki. Sai dai wanda bai koyi Jamusanci ba zai sha wuya, ko da da Turanci ake koyar da darasinsa. Game da iyali kuma, Malam Abu Hanif, ka sani cewa tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu digiri na biyu na shekara ɗaya irin wanda ka samu tafiya da mata da 'ya'ya.

Baba Injiniya, Garki:
Yarana, na yi shekara 35 ina aikin ruwa da hanyoyi kafin in yi ritaya, kuma na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba. Abin da muke fara tambaya shi ne ko mutum yana da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar nan, sannan wane aiki ya taɓa kammalawa da hannunsa. Na ga masu takardun waje da ba su iya tsayawa da leburori a rana ba, suna ta neman kayan aikin da babu su a ƙasar nan. Shekara shidan da kake da ita ba ƙaramar dukiya ba ce, kada ka zubar da ruwan tulu don ka hango hadari. Ka yi digirinka na ƙarshen mako a nan gida kana riƙe da aikinka.

Ɗan Bukuru:
Ranka ya daɗe Baba, da girmamawa nake faɗa, amma wanda bai je ba ba zai iya auna abin da ake samowa a can ba. Zamanin da kuka yi karatu jami'o'inmu suna da kayan aiki da malamai daga ko'ina, mu kuwa yajin aikin wata takwas muka gani a 2022.

Baƙon Gwarinpa:
Kai ma da aka biya maka komai ba ka da bakin ba mai sayar da fuloti shawara. Baba ya fi ka kusa da gaskiya.

Maman Sultana:
Malam, muna tausaya maka ƙwarai, amma faɗuwar naira ce ta karya ka, ba ilimin da ka samo ba. Idan sai wanda ya sha wuya ne kaɗai zai yi magana, to mai tambaya rabin labari zai ji.

Injiniya Safiya:
Maganar Baba ta kwamiti ta tuna mini abin da ya fi ƙona mini rai. Tun da wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, duk mai takardar waje ya zama abin zargi. A wata ganawar neman aiki, wani daga cikin masu tambaya ya ɗaga takardata ya ce nawa na saye ta, alhali shekara biyu da rabi na yi ina fama a kanta.

Ɗan Farin Gada:
Ni ma an yi mini makamancin haka, kuma daga baya na ji cewa wanda aka ɗauka ɗan'uwan wani babba ne a wurin, ko fannin bai karanta ba. Matsalarmu ta wa ka sani ce, takardar gida da ta waje duk ɗaya suke a gaban mai rabon guraben.

Hajiya Ummi, Wuse:
To ita tantancewar, kafin yaro ya tafi ake tabbatar da an amince da makarantar, ko sai ya dawo zai shiga bautar ƙasa? Kuma wata nawa take ɗauka?

Abu Hanif, Kubwa:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Har yanzu dai ban ji daga injiniyan da ya koma fannin kasuwanci ba, kuma mai sayen fulotin ya ba ni zuwa Juma'a.