Rage tsawon kwanson harsashi da inji: abin da na tsinta a hirar Panteka

Ranar Asabar na zauna da wasu maƙera da wani dattijon mafarauci a Panteka, kasuwar maƙera da ke Kaduna, hira ta kai mu kan yadda maharba a Amurka ke sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba. Dattijon ne ya fara jan kunne, kuma na goyi bayansa: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da izini ba. Wannan aikin na irin su DICON ne, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

Dalilin rage tsawon kwanson kafin a sake cikawa shi ne tagullar da aka yi shi da ita na miƙewa duk lokacin da aka harba. In ya zarce tsawonsa, bakinsa ya matse a cikin bindiga, matsin ya ƙaru, har ta iya fashewa a hannun mai ita.

Maƙeran sun fi daɗewa kan saurin inji. Suka ce injin huda da aka ɗaura wa wuƙar yanka yana rage wahala sosai, amma mai gaggawa kan ci fiye da kima, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. A tafi a hankali, a riƙa aunawa, a goge kaifin baki ciki da waje.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar ido. Ɓurɓushin tagulla na tashi kamar ƙaiƙayi, don haka tabarau dole ne, ko famfo kake gyarawa. A kuma wanke hannu kafin a ci tuwo, saboda dalmar da ke cikin harsashi.