Gyaran Gemu: Ina Ya Kamata Layin Wuya Ya Tsaya?

Hira ce ta ɓarke a shagon aski ranar Juma'a, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya yarda cewa babban kuskure shi ne kai layin sama har kan muƙamuƙi. Gemun sai ya zama kamar an manna shi, naman ƙasan haɓa kuma ya fito fili. Mai askin ya ce a ɗora yatsu biyu a saman zakaran wuya, inda na saman ya tsaya nan ne tsakiyar layin. Daga nan a lanƙwasa shi zuwa bayan kowane kunne. Kai ya tsaya daidai lokacin aunawa, don wanda ya ɗaga haɓa zai cinye gemunsa bai sani ba. A fara daga ƙasa, tunda abin da aka aske sai an yi makonni kafin ya dawo.

An fi daɗewa kan ƙuraje. Gashinmu mai murɗewa ne, idan reza ta yanke shi ƙasa sosai sai ya koma cikin fata. Shi ya sa mafi yawa suka zaɓi kilifa. Mai son reza ya jiƙa wurin da ruwan ɗumi, ya bi yadda gashin ya kwanta, bayan nan ya shafa man kaɗe. Reza kuwa sabuwa, a ɓare ta a gabanka.

Wani dattijo ya ce mai dogon gemu bai da wannan wahalar, gemun ya rufe komai. Ni dai ina ganin gaskiyarsa.