Wa ya taɓa cusa gadagi a cikin gamba da ta riga ta kafu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da filin gamba da ya yi shekaru. Da damina ciyawa har ta yi yawa, amma da rani ya shigo sai ta koma kara, shanu suna ci suna ramewa. Ina so in sa dangin wake na daji irin gadagi a ciki ba tare da na nome gambar ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana.

Dattijon makiyayi: Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi, kuma ya kama. Inuwa ce ke kashe gadagi a cikin gamba. Gamba kan haura mita 2, ɗan tsiron da ke ƙarƙashinta ina zai ga rana? Ni sai da na bar shanu suka cinye ta ƙasa-ƙasa, ruwa ya zauna, sannan na ja layi da fartanya a tsakanin gindinan na zuba irin. Kada zurfin ya wuce santimita 1. Da gambar ta sake tasowa, da lauje na rage ta, don shanu tattake tsiron za su yi.

Mai awaki: Baba ya faɗi gaskiya. Nawa a shekarar farko jefi-jefi ya fito, har na fid da rai, damina ta biyu sai ga shi ko'ina. Ɓawon irin tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da wuri, shi ya sa yanzu nake goga shi da samfefa kafin shuka. Wanda ya kwanta a sarari kuwa tururuwa suka kwashe.

Malamar gona: Malam, don Allah kada ka zuba yuriya. A filin da na gani an zuba, gamba ce ta ci moriya, ta danne gadagin gaba ɗaya. Takin supa ya fi dacewa da shi. Naitirojin kuwa, wato sinadarin da yuriya ke bai wa shuka, da kansa yake samowa daga iska, ta ƙananan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa. Ka tuge guda ɗaya ka fasa ƙullin, in cikinsa jaja-jaja ne, to yana aiki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaushe zan saki dabbobi?

Dattijon makiyayi: A shekarar farko ka jira ya yi 'ya'ya su bushe su zube.

Mai awaki: Kuma ka fara da shanu, Yaya. Awakina gadagin suke tsincewa su bar gamba tsaye.