Neman shawara: bugun Hercules X-1 ya ƙi zama wuri ɗaya a lissafina

Zainab, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fizis nan Kaduna, aikina kuwa a kan Hercules X-1 ne, tauraron nutron (dunƙulallen ragowar tauraron da ya mutu) da ke zuƙar gas daga abokin zagayensa HZ Herculis har gas ɗin ya yi zafi ya riƙa fitar da hasken eksire. Na sauke bayanan NuSTAR, tauraron ɗan Adam mai auna hasken eksire, daga HEASARC, rumbun bayanai na NASA. An san hasken tauraron nutron ɗin yana bugawa duk daƙiƙa 1.24, amma da na yanka bayanan gida-gida, kowane yanki da nasa adadin, wani ya ɗan haura, wani ya ɗan sauka. In na haɗa su na ninka, wato na ɗora bugu a kan bugu, sai siffar bugun ta dagule. Sannan malamina yana so in auna ƙarfin maganaɗisun tauraron, wata ƙawata kuma ta ce in koma NICER, wata na'urar auna eksire, don agogonsa ya fi kaifi. Lokacin kare aiki ya matso, don Allah a taimaka.

Malam Bashir, Samaru:
Wa alaikumus salam Malama Zainab. Kwantar da hankalinki, abin da kika gani gaskiya ne, motsi biyu ne suka shiga agogonki. Na farko namu ne. Tauraron ɗan Adam yana zagaya Duniya, Duniya na zagaya Rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa, haske kuma yana ɗaukar sama da minti 8 daga Rana zuwa nan. Don haka sai kin mayar da lokacin isowar kowane ɗigon haske zuwa cibiyar nauyin Rana da duniyoyinta. Manhajar barycorr ta cikin HEASoft, tarin manhajojin HEASARC, ce ke yin wannan, ki ba ta fayil ɗin agogon NuSTAR na baya-bayan nan.

Na biyu ya fi girma, kuma shi nake zargi. Tauraron kansa yana zagaya HZ Herculis cikin kwana 1.7. In ya nufo mu bugun ya matse, in ya ba mu baya ya saki, kamar jiniyar jirgin ƙasa idan ya nufo tashar Rigasa sannan ya wuce. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba ta kowane ɓangare, amma lokacin isowar bugun kan yi gaba ko baya da kusan daƙiƙa 13, wato sama da bugu goma. Yaya siffa ba za ta dagule ba? Kafin ki cire shi, ki zana adadin kowane yanki a kan lokaci. Za ki ga layi mai hawa da sauka, kuma wannan zanen kaɗai ya isa babi guda.

Ibrahim, Kawo:
Anti Zainab kada ki bar NuSTAR. NICER daga 0.2 zuwa 12 keV (ma'aunin kuzarin haske) yake gani, shi kuwa layin saikulotiron na Hercules X-1, alamar da ake auna maganaɗisun da ita, yana can tsakanin 35 da 40 keV. NuSTAR yana kaiwa 79. Ba za ki ga layin da NICER ba ko kaɗan.

Dakta Hadiza, Malali:
Maganar Ibrahim daidai ce. Wannan layi shi ne na farko irinsa da aka taɓa gani, Joachim Trümper da abokansa suka gano shi a 1976 da na'urar da balan-balan ya ɗaga sama. Lissafin ba wuya, kowane 11.6 keV daidai yake da gaus (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) tiriliyan ɗaya, sai ki ƙara gyaran janyewar haske saboda nauyin tauraron, ki samu wajen tiriliyan 4.

Inda nake so ki kula, ƙanwata, shi ne XSPEC, manhajar daidaita samfuri da bakan haske. Layin saikulotiron ɗin rami ne a jikin bakan haske, kuma wurin da ramin ya faɗa yana canzawa gwargwadon samfurin da kika shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Ki gwada samfuri biyu ko uku, ki rubuta sakamakon kowanne. Masu jarrabawa sun fi mutunta haka a kan adadi ɗaya tilo. Kada ki manta da layin ƙarfe wajen 6.4 keV. Sannan ki duba ranar da aka ɗauki bayananki, domin faifan gas ɗin da ke kewaye da tauraron a karkace yake, yana juyawa cikin kwana 35, wani lokaci ya tare tauraron. Abokin nasa ma yana rufe shi sa'o'i biyar da wani abu a kowane zagaye.

Zainab:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Dakta, akwai giɓi da yawa a bayanan, kusan duk awa ɗaya da rabi. Shi ne rufewar da kike nufi? Kuma kwamfutata ƙarama ce, wuta ba ta zama a unguwarmu.

Dakta Hadiza:
A'a, wannan Duniya ce ke shiga tsakanin NuSTAR da tauraron a kowane zagayensa, ki bar su yadda suke, kada ki cike su da komai. Kwamfutarki za ta iya. Nupipeline, mai tace ɗanyen bayanan NuSTAR, shi ne kaɗai ke cin lokaci, ki sa shi da dare in an kawo wuta, ki adana abin da ya fitar a filasha. Idan kin gama zanen da Malam Bashir ya ce, ki turo mana shi nan kafin ki taɓa XSPEC.